A ba shi Alƙur'ani ya karanta: shin hakan ya wadatar?

Bayan harin 11 ga Satumban 2001, fassarar Alƙur'ani ta shiga sahun littattafan da aka fi rububi a Amurka. Mutanen da ba su taɓa tambayar ina alƙibla take ba suka bazama kantunan littattafai, kowa na son gano abin da ke cikin littafin nan da har zai sa samari 19 su karkatar da jirage cike da bayin Allah su hallaka su. A 2002 Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta ɗora wa sababbin ɗalibanta karanta wani littafi mai ɗauke da fassarar gajerun surorin Makka da sharhinsu. Nan take wata ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin riƙau ta garzaya kotu, wai ana cusa wa 'ya'yan mutane Musulunci da kuɗin gwamnati. Kotu ba ta hana karatun ba. Wasu masu sukar kuma suka ce ai surori masu daɗin ji aka tsince, aka ɓoye ayoyin yaƙi. Da masu son a karanta da masu ƙi, duk sun haɗu a kan abu guda ba su lura ba: kowannensu ya yarda cewa sirrin Musulmi yana cikin littafin, wanda ya karanta shi ya gama saninmu.

Mu ma ɗin haka muka ɗauka. Da zarar wani ya yi wa addini mummunar fahimta, a Facebook ne ko a wurin aiki, amsar da ta fi saurin zuwa bakinmu ita ce, je ka karanta Alƙur'ani ka gani. Masu da'awa na raba fassara kyauta a bakin titunan Landan da Berlin, mu kuma muna tura wa abokan gardama manhajar waya, mu ji kamar mun sauke nauyi. Ra'ayina shi ne ba mu sauke ba. Alƙur'ani yana taimako, taimako mai yawa ma, ga wanda ke son sanin abin da Musulunci ke faɗa a kan Allah da ɗan Adam da lahira. Amma a miƙa shi tsurarsa ga mutumin da bai san kan zance ba, a juya masa baya, a ce daga nan zai fahimci Musulmi, wannan sakaci ne. Kuma babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya koye shi ta wannan hanya.

A tuna yadda muka shiga. Yaro ɗan shekara biyar ko shida, an saya masa ɗan ƙaramin allo, malam ya rubuta masa da tawada, ya biya masa yana maimaitawa da ƙarfi har muryarsa ta dishe. Bayan Fatiha sai Nasi, sai Falaƙi, sai Ƙulhuwa. Ta ƙarshen littafin yake shiga yana yin sama, kuma da kunne yake shiga kafin ido. Babbaƙu, farfaru, hadda, wanke allo, duk zai wuce su bai san fassarar aya ɗaya ba. Da yawa sun yi sauka, an yanka musu rago an yi walima, amma in ka ce su gaya maka abin da Suratul Adiyati ke nufi sai su yi shiru. Duk da haka Musulmi ne na ƙwarai, sun iya alwala, sun san abin da ke ɓata azumi, sun san haƙƙin maƙwabci. A ina suka samo? A wurin uwa da uba, a sahun masallacin unguwa, a Islamiyya, a zauren malam inda ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya, mai himma ya wuce Risala har ya kai Askari. Alƙur'ani ya yi umarni da a tsai da salla a wurare da dama, amma ba za ka sami inda ya ce Magariba raka'a uku ce ba. Ya ce a ba da zakka, amma ɗaya bisa arba'in na kuɗi daga Sunna aka samo shi. Musuluncin da muke rayuwa da shi Alƙur'ani ne tushensa, sai dai ya iso mana ne tare da hadisi da fiƙihu da malami da tarbiyyar gida.

To dubi baƙo. Ya sayi fassara, ya buɗe shafi na farko kamar yadda ake buɗe kowane littafi. Fatiha ta yi masa daɗi, ayoyi bakwai ne. Yana juya shafi sai ya faɗa Baƙara, ayoyi 286, surar Madina, mai jayayya da Bani Isra'ila a kan abubuwan da bai taɓa ji ba, ga sauya alƙibla, ga hukuncin saki da idda da bashi. In Kirista ne, ya saba da littafin da ya fara da halittar duniya yana tafiya bi da bi. Nan kuwa ba a jera surori bisa tarihin saukarsu ba. Abin da ya sauka cikin shekara kusan 23, a yanayi daban daban, na rauni da na ƙarfi, na zaman lafiya da na yaƙi, yana haɗe wuri guda ba tare da kwanan wata ba. Ayoyi masu yawa a Ali Imrana kan yaƙin Uhudu suke magana, amma ba a ambaci sunan Uhudu ba, domin waɗanda aka fara karanta wa suna wurin, wasunsu ma da raunuka a jiki. Baƙo bai san an yi wani Uhudu ba. Thomas Carlyle, marubucin nan ɗan Scotland, a laccarsa ta 1840 ya kare Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, daga masu ce masa maƙaryaci, a lokacin da faɗin haka a Landan ba ƙaramar kasada ba ce. Amma shi ɗin dai ya ce karatun fassarar Alƙur'ani ya gajiyar da shi, ya ga abin a hargitse. Mutum ne mai kyakkyawar niyya, kuma abin da ya samu ke nan. Najjashi sarkin Habasha kuwa kuka ya yi har gemunsa ya jiƙe da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa farkon Suratu Maryam. Kafin karatun, Ja'afar ya tsaya a gabansa ya bayyana masa halin da suke ciki a jahiliyya da abin da Manzo ya kira su zuwa gare shi, sannan ya zaɓi surar da ta dace da mai sauraro.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne muna ganin hujjar wannan kowace shekara a gabanmu. Watan azumi ya kama, masallatai sun cika bayan La'asar ko bayan Tarawihi. Alaramma mai jan baƙi ya ja aya biyu ko uku ya tsaya. Malam ya gyara zama, ya kawo dalilin saukar ayar, ya ce Jalalaini ya ce kaza, Ibnu Kasir ya kawo hadisi kaza, wannan hukuncin an shafe shi da aya kaza, Malikawa sun tafi a kan kaza. Wani lokaci a shafe sa'a guda ba a bar shafi ɗaya ba. Su wa ke sauraro? Mutanen da aka yi wa huɗuba a kunne ranar da aka haife su. Tun zamanin da Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta Liya'ut Ta'awili, sama da shekara 200 ke nan, zuwa tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a masallacin Sultan Bello da Rediyon Kaduna ke watsawa, da na Sheikh Nasiru Kabara da Sheikh Ɗahiru Bauchi, ba a taɓa yin shekarar da malamai suka ce jama'a ta gane ba, a huta. Fassarar Hausa ta Gumi tana hannun mutane tun 1979, kuma ba ta rage cikar wuraren tafsiri ba. In mu da muka tashi a ciki muna buƙatar wannan duka, da wane dalili muke tsammanin wani Bature a Manchester ko wani ɗan Enugu zai zauna shi kaɗai a ɗaki da fassara ya fito da fahimta?

Kuma ba yau Turai ta fara karanta Alƙur'ani ba. A 1143 wani malamin coci ɗan Ingila, Robert na Ketton, ya kammala fassara shi zuwa Latin bisa umarnin Peter, shugaban gidan ibadar Cluny a Faransa, kuma ba a ɓoye manufar ba: a san shi domin a yi masa raddi. Bayan shekara 400 cif, a 1543, aka buga wannan fassarar a Basel, Martin Luther, jagoran Kiristocin da suka ɓalle daga Katolika, na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata sai an buga, don a ganinsa babu abin da zai fi nisanta Kirista da Musulunci irin ya karanta da kansa. A 1734 George Sale ya fitar da tasa ta Ingilishi, wadda Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya saya yana ɗalibin shari'a, kuma kwafin nasa ne Keith Ellison, Musulmi na farko a majalisar dokokin Amurka, ya ɗora hannu a kai a bikin rantsuwar kama aiki a 2007. Kusan shekara 900 ke nan littafin na hannunsu. Da karatu kaɗai ke kawar da jahiltar Musulmi, da tuni an wuce wurin.

Ƙasar Holan ta ba mu misali mai kyau, kuma daga jam'iyya ɗaya. Geert Wilders, shugaban jam'iyyar, ya karanta ayoyi, ya nemi a haramta Alƙur'ani a ƙasar, a 2008 ya fitar da wani gajeren fim da ya jera ayoyi kusa da hotunan hare-hare. Joram van Klaveren ɗan majalisa ne a ƙarƙashin jam'iyyar Wilders daga 2010 zuwa 2014, kuma yana cikin masu zafin baki a kan Musulunci. Ya zauna rubuta littafin sukar addinin, kafin ya gama ya musulunta, ya bayyana haka a farkon 2019. Masu ba da labarinsa sukan ce Alƙur'ani ne ya kama shi, su tsaya nan. Sukan manta cewa a tsakiyar binciken ya aika da tambayoyinsa ga Sheikh Abdal Hakim Murad na Cambridge, malamin kuma bai kore shi ba, ya amsa masa dalla-dalla ya nuna masa abin da zai karanta. Alƙur'ani da kansa ya faɗa a Baƙara aya ta 26 cewa da misali guda Allah yana ɓatar da mutane da yawa kuma yana shiryar da da yawa. Mai karatu ba ya zuwa hannu rabbana, yana zuwa da abin da ke ransa. A ƙarshen 2015 wasu samari biyu, a Holan ɗin dai, suka lulluɓe Littafi Mai Tsarki na Kirista da bangon Alƙur'ani, suka riƙa karanta wa masu wucewa ayoyi masu tsanani daga cikinsa. Mutane suka yi ta girgiza kai suna cewa ai dama, ga irin abin da Musulmi ke koya. Da aka cire bangon sai kunya ta rufe su.

Ayar da aka fi jifanmu da ita ita ce ta 5 a Suratut Tauba, mai cewa idan watanni masu alfarma suka wuce a kashe mushirikai duk inda aka same su. Wanda ya ga wannan layin shi kaɗai a allon waya dole gabansa ya faɗi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai an ce masa ya koma farkon surar ya ga cewa sanarwa ce ga mushirikan Larabawa a shekara ta 9 bayan hijira, bayan yaƙe-yaƙe da warware alkawura, an ba su wa'adin wata huɗu. Aya ta 4 ta cire waɗanda suka riƙe alkawarinsu. Aya ta 6, wadda ke manne da ta 5 ɗin, ta ce in wani mushiriki ya nemi mafaka a wurinka ka ba shi har ya ji maganar Allah, sannan ka kai shi inda zai sami aminci. Ba a ce in ya ji ya ƙi a taɓa shi ba, cewa aka yi a raka shi. Wannan duka yana shafi guda, amma sai da mai nunawa.

A nan kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ba kowace aya mai nauyi ce bayani ke mayar da ita abin da baƙo zai yi na'am da shi ba. Ayar jiziya tana nan a Tauba ta 29. Haddin sata yana nan. Rabon gado da ayar Nisa'i ta 34 suna nan, kuma malamanmu na da da na yanzu sun yi ta kai-komo a kansu. Alƙur'ani ya ƙi yarda da Triniti, wato aƙidar Allah uku cikin ɗaya, ƙarara, ya ce ba a kashe Annabi Isa ba kuma ba a gicciye shi ba, wanda shi ne ginshiƙin imanin Kirista. Kirista zai iya gane wannan sarai ya kuma ƙi yarda, kuma hakan fahimta ce, ba gazawa ba. Masu da'awar da ba sa nuna komai sai "babu tilas a addini" da "wanda ya kashe rai ɗaya kamar ya kashe mutane duka" suna yi wa addinin illa ba su sani ba. Mutumin zai koma gida ya shiga intanet, cikin minti biyar ya ci karo da sauran, ya yanke cewa an yaudare shi. Daga ranar ba zai sake yarda da bakin Musulmi ba, sai na maƙiyinsa.

Wannan duka a kan fahimtar Musulunci ne. Fahimtar Musulmi kuwa wani zance ne dabam, kuma a nan ne littafi ya fi kasa isarwa. Mu kusan biliyan biyu ne. Wajen kashi 60 cikin 100 suna yankin Asiya da Pasifik, Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Alƙur'anin da ake karantawa a Jakarta shi ake karantawa a Dakar da Kabul da Sakkwato. Da shi a hannu 'yan Taliban suka rufe wa 'yan mata makarantun sakandare tun 2021, suka ƙara da jami'o'i a ƙarshen 2022. Da shi a hannu Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'yan taru, tana naɗa jajis, wato mata malamai, da malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Pakistan ta zaɓi Benazir Bhutto a 1988, Indonesiya ta yi shugabar ƙasa mace a 2001, Saudiyya kuwa sai a 2018 mace ta sami izinin tuƙa mota. Babu ayar da ta canza tsakanin waɗannan wurare. Abin da ya bambanta su tarihi ne, da siyasa, da al'ada, da irin malaman da suka yi rinjaye, da talauci ko wadata. Wanda ke son sanin dalilin da ya sa Bahaushiya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ko dalilin da lefe ke hana samari aure, ko dalilin da yaro ɗan shekara bakwai ke yawo da roba a tashar mota yana bara, in ya bincike izu sittin ba zai samu ba. Kamar mutum ne ya haddace kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ya san yadda za ta kaya tsakaninsa da ɗan sanda a shingen hanya. Misali ne kawai, maganar Allah ta fi ƙarfin a kwatanta ta da rubutun mutum, amma tazarar da ke tsakanin abin da ke rubuce da abin da mutane ke yi ita nake nufi.

Akwai wani abin da ke damuna. Hanyar da maƙiyin Musulunci ke bi wajen karanta Alƙur'ani ita ce dai hanyar ɗan ta'adda: a ciro aya, a yar da abin da ke gabanta da bayanta, a yi watsi da malaman ƙarni goma sha huɗu, a ce ga abin da Allah ya ce. Tsohuwar cuta ce. Hawarijawa da ayar "babu hukunci sai na Allah" suka fita daga rundunar Sayyidina Ali, ya ce kalmar gaskiya ce aka nufi ɓata da ita. An ruwaito cewa da zai tura Ibnu Abbas ya yi muhawara da su, ya ce masa kada ya tsaya jayayya da su da Alƙur'ani kawai, domin yana ɗaukar fuskoki da yawa, ya kafa musu hujja da Sunna. Mu a nan ba labari aka ba mu ba. Waɗanda suka tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014 suka kashe sama da mutum 100, da waɗanda suka harbe Sheikh Albani Zariya da iyalinsa a farkon wannan shekarar, da ayoyi a bakinsu suka yi. A 2016 kamfanin dillancin labarai na AP ya binciki takardun rajistar mayaƙan ISIS da suka fita, ya gano kashi 70 cikin 100 an rubuta musu cewa iliminsu na shari'a na matakin farko ne. Wasu samari biyu daga Birmingham ma, kafin su tafi Siriya a 2013, littattafan koyon Musulunci na 'yan farko suka yi oda. Sai dai wannan ba zai sa mu ce wa baƙo kawai "ba ruwansu da Musulunci" mu tashi ba. Shugabanninsu na jawo nassi, shi Bagadadi ma, shugaban ISIS a lokacin, ya yi digiri na uku a fannin Alƙur'ani. Amsar da ke gamsarwa irin wadda malamai sama da 120 suka rubuta masa ce a buɗaɗɗiyar wasiƙa a Satumban 2014, suka bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya da ƙa'idojin fiƙihu. Baƙon da ke da fassara kaɗai ba shi da ma'aunin da zai raba hujjar Bagadadi da ta waɗannan malamai. A idonsa duka ayoyi ne.

In muna son jin yadda abin yake, mu juya shi kanmu. Da yawanmu abin da muka sani na Kiristanci daga kaset-kaset ɗin muhawara ne irin na Ahmed Deedat, da masu kwaikwayonsa a yau: a ciro aya daga Littafin Sama'ila ko Maimaitawar Shari'a inda aka ce a hallaka gari dukansa, a karanta, jama'a su yi kabbara. Ya burge mu, amma me ya koya mana game da matar nan 'yar zumuntar mata da ke sayar da doya kusa da shagonmu, wadda ba ta taɓa tauye mudu ba? Shin ya gaya mana bambancin ɗan Katolika da ɗan ECWA da mai zuwa cocin da ake kwana ana kiɗa? Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, kaɗan ne a cikinmu suka taɓa buɗe shi, amma mun san maƙwabtanmu Kirista, na kirki da na banza, ta hanyar zama da ciniki da zaman makoki. Su ma haka suke saninmu.

Binciken cibiyar Pew a Amurka ya sha nuna cewa waɗanda suka san wani Musulmi ido da ido sun fi sauran kyautata wa Musulmi zato. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun duba abin da ya biyo bayan zuwan Mohamed Salah Liverpool a 2017, suka ga laifukan ƙiyayya a yankin Merseyside, inda Liverpool take, sun ragu da kusan kashi 16 cikin 100 idan aka gwada da yadda aka yi hasashe, saƙonnin cin zarafin Musulmi daga magoya bayan ƙungiyar a Twitter kuma sun ragu da kusan rabi. Mutumin bai yi wa'azi ba, ƙwallo yake ci ya yi sujada. A Yunin 2018, da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, mata a gidansa maza a masallaci, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan ya ƙi buɗewa. Waɗannan mutane da jikokinsu ba sa buƙatar a fassara musu aya ta 8 ta Mumtahana, mai cewa Allah bai hana kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba. Haka kuma, wanda ya kalli bidiyon kisan Deborah Samuel, ɗaliba Kirista da aka zarga da ɓatanci ga Annabi, a Sakkwato a Mayun 2022, da hannun matasa masu kabbara, shi ma ya karanta wani abu game da mu, kuma duk da Sarkin Musulmi ya yi tir da kisan, babu fassarar da za ka miƙa masa washegari ta goge abin da ya gani. Ba na jin daɗin faɗin haka, amma haka ne.

Kada a ce na raina amfanin karatun. Na zauna da wata abokiyar aiki Kirista, 'yar kudancin Kaduna, wata rana da aikin ya yi sauƙi, tana tambayata wai da gaske ne muna zagin Yesu. Na kunna mata Suratu Maryam a waya, ƙira'a da fassarar Hausa. Da aka zo inda naƙuda ta kai Maryamu gindin dabino tana cewa ina ma ta mutu kafin wannan, sai ta ajiye biron da ke hannunta. Ta ce, "Malam, tsaya. Wannan a cikin naku yake?" Na ce sura ce guda da sunanta, kuma ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya kira da suna, har sau 34, alhali sunan Muhammadu sau huɗu ya zo. Ba ta musulunta ba, ban kuma nemi haka ba. Da muka kai inda surar ta ce bai kamaci Allah ya riƙi ɗa ba, ta ce to a nan muka rabu, na ce ƙwarai. Amma zancen muna zagin Yesu ya mutu a ranar, kuma daga baya ita ce ke gyara wa wasu. Irin wannan aiki Alƙur'ani ke yi in an zaɓi inda za a fara, an bar mutum ya ji sautinsa, kuma akwai wanda zai amsa in ya ce tsaya. Ni da wani zai nemi shawarata, Suratu Yusuf zan fara ba shi, don ƙissa ce guda daga farko zuwa ƙarshe kuma ya san ta a littafinsa, sai Maryam, sai Luha da gajerun surorin da yaranmu ke fara haddacewa, tare da taƙaitaccen tarihin Manzo. Tauba da Anfali su biyo baya, kuma kada a tsallake su.

Matsalar ita ce wa zai zauna da shi. Tawagar Kiristocin Najran a masallacin Annabi aka karɓe ta a Madina, aka yi muhawara da su a kan Annabi Isa, suka koma da addininsu da yarjejeniyar aminci. A Birtaniya tun 2015 majalisar Musulmin ƙasar ke shirya ranar da masallatai ke buɗe ƙofa ga kowa ya shigo ya sha shayi ya yi tambaya. A Kaduna Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da kowannensu ke jagorantar matasa a kan ɗan uwansa har Wuye ya rasa hannu, suna wannan aiki tun 1995. Amma a yawancin unguwanninmu Kirista ya san tambaya a kan Alƙur'ani ko Annabi abu ne mai haɗari, kuskuren lafazi kaɗan zai iya tara masa jama'a, don haka ya gwammace ya yi shiru ya tambayi Google, ko faston da shi ma daga Google ya samo. Masallatan da ke ɗaukar nauyin tafsirin wata guda, da lasifika da janareta da kuɗin gidan rediyo, ba za su gaza ware yammaci ɗaya a makarantar unguwa ba, a gayyaci maƙwabta, a zaunar da malami mai haƙuri wanda ya san abin da ke littafinsu shi ma, a sanar tun farko cewa kowace tambaya an yarda a yi ta, kuma kwamitin masallaci ne zai tsaya wa duk wanda ya yi ta har ya koma gida lafiya.